Kiyashi a Bayan Kwamfutar Hajiya Tafireta

"Lafiya lau, Tsohuwa. Ya gwiwa? Ya baya? Ya ragowar haƙora?"

"Haƙora suna gaishe ka. Shigo ka rufe ƙofa, in tumbin zai bari."

Mai wannan amsa ita ce Hajiya Tafireta. Shekara talatin da biyu ta yi tana buga takardu a ofis, tun zamanin da in ka kuskure harafi ɗaya sai ka zare takarda ka faro daga sama. Da ta yi ritaya ba ta yarda ta zauna ba. Ta share ɗakin bakin ƙofar gidanta, ta sa tebur da benci da wata tsohuwar kwamfuta, tana buga wa mutanen unguwa takardun neman aiki da na koke. Wanda ya shigo kuwa jikanta ne, Injiniya, magidanci mai 'ya'ya biyu, gyaran kwamfuta sana'arsa. Tun yana goye take kiransa mijinta, kuma tun da ya iya magana bai bar mata amsa ko ɗaya ta kwana ba.

To, ga abin da ya sa ta kira shi. Ɗanta na fari, uban Injiniya, ya daɗe yana so ta rufe ɗakin nan ta koma gidansa ta huta. Da ta ƙi, sai suka yi sharaɗi: ranar da kwamfutar ta mutu, ranar za a rufe ɗaki, ba za a kawo wata ba. Duk Asabar ƙarfe sha ɗaya yakan zo gaishe ta, kuma kafin ya zauna sai ya leƙa kwamfutar kamar mai duba marar lafiya. Yau Asabar. Agogon bango ya ce goma da kwata. Allon kwamfuta kuwa tun safe baƙi ƙirin, sai layi ɗaya na rubutu can sama.

Injiniya ya ja kujera ya zauna. Kujerar ta yi ƙara.

"Manyan ma'aikata sun zauna a kujerar nan," in ji Hajiya, "ba ta taɓa kai ƙara ba sai yau."

"Murna take yi ta ga saurayi. Me ya sami kwamfutar?"

"Da na sani, da na kira ka? In da zaɓi aka ba ni na fuskar da zan fara gani da safe, ai taka tana can ƙarshen layi."

"Ƙila tsufa ne. An ce ana ɗauka a wurin zama tare."

"Shekara biyu na goya ka. In ana ɗauka, je ka nemi sanda."

Ya danna maɓalli. Fanka ta yi ƙugi a ciki, allo ya yi haske kaɗan, ya koma baƙi, layin nan ya sake fitowa.

"Kin karanta abin da ta rubuta?"

"Ina buga Turanci tun ubanka yana yawo ba wando. Ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba."

"Sai kika yi mata me?"

"Na kashe na kunna sau bakwai. Na goge ta da tsumma. Na yi mata magana."

"Me kika ce mata?"

"Tsakaninmu ne."

"Jiya fa, lafiya kuka rabu?"

"Ƙalau. Na buga wa mai gadin makaranta takardar neman hutu, na kashe ta, na lulluɓe ta da mayafinta."

"Ba ki ƙara mata komai ba, ba ki rage ba?"

"Ko allura."

Injiniya ya sosa ƙeya. Wannan karon da ya yi magana babu wasa a muryarsa.

"Tsohuwa, akwai faifai a cikinta wanda komai yake kai. In shi ne ya mutu, ba aikin minti arba'in ba ne."

Hajiya ta dubi agogo. Tana da wata ɗabi'a da duk gidan suka sani: in hankalinta ya tashi, fuskarta ba ta nunawa, sai yatsunta goma su kama buga takardar da babu a kan gwiwarta. Yanzu ma sun kama. Ta dubi bencin da mutane ke zama su faɗa mata damuwarsu ta mayar da ita rubutu, ta dubi ƙusar da take rataye tabarau.

"To madalla," ta ce. "An ce ubanka ya saya mini kujera mai lilo. Ɗakin ma tagarsa katanga take kallo. Sai in riƙa ƙirga bulo, in na gama in faro."

"In kin koma can wa zan riƙa zuwa in ci wa biskit? Ɗaga ƙafarki in duba wayoyi."

Ya durƙusa da ƙyar, ya cusa kai ƙarƙashin tebur, ya juyo da akwatin kwamfutar. Sai ya ƙura wa bayansa ido.

"Kaka."

"Ba ka kirana Kaka sai ka yi ɓarna."

"Mene ne waɗannan?"

A bayan akwatin akwai ramuka huɗu da ake soka filash, ɗan abin nan kamar ɗan yatsa da mutane ke zuwa da takardunsu a ciki. Duk huɗun a cike suke. Filash huɗu a jere, kowanne da 'yar takarda manne a jikinsa, an buga mata rubutu tsaf.

"Murafai ne," in ji Hajiya.

"Murafai."

"Jiya ina shara na ga kiyashi suna shiga ramukan nan a layi, kamar ma'aikata da safe. Zamanin tafireta kyankyaso ya taɓa haihuwa a cikin tawa. Wata uku haruffa suna maƙalewa, har shugaban ofis ya ce hannuna ne ya lalace. Tun daga ranar ba na barin rami a buɗe a jikin inji."

"Kin ce ba ki ƙara mata komai ba."

"Ban ƙara ba. Toshewa na yi."

"A ina kika samo su?"

Ta jawo durowa ta fito da wani gwangwanin madara. A ciki akwai wasu filash ɗin sun fi goma, duk waɗanda masu kawo aiki suka manta, kowanne da takardarsa: ranar da aka manta, da kamannin mai shi.

"Na gwada auduga, ta ƙi zama. Waɗannan kuwa sun shige daidai, kamar an auna."

"Ai an auna, Tsohuwa. Don ramin aka ƙera su."

"To ka gani. Ina laifina?"

Injiniya ya fito da kansa daga ƙarƙashin tebur, ya zauna dirshan a ƙasa, ya yi ajiyar zuciya.

"Saurara, Amarya. Ita wannan kwamfutar, in ta farka, kafin ta duba cikinta sai ta fara leƙa ƙofa ko akwai baƙo. In ta ga filash sai ta tambaye shi, kai ne ka zo da abin da zan tashi da shi? In ya ce a'a, ta wuce. Amma akwai wanda zai yi kamar yana da shi, alhali babu. Sai ta tsaya tana jiransa har a tashi duniya."

"Wato kara ce ta yi mata yawa."

"Ba a wurin mai ita ta koya ba."

Ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya kashe, ya kunna. Fanka ta yi ƙugi. Allo ya yi baƙi, ya yi baƙi, ya ƙara yin baƙi, don ita tsohuwar kwamfutar nan sai ta cika minti guda kafin ta buɗe ido. Can sai haske ya kawo, ga takardun Hajiya a jere, ga ta mai gadin makaranta a sama.

Yatsun Hajiya suka tsaya cak a kan gwiwa. Ta gyara zaman tabarau.

"Dama na san za ta tashi. Gwada ka nake yi."

"Na ci jarrabawar?"

"Da ƙyar. Yanzu mayar da su ɗaya ɗaya, a gano mai laifin."

"Goma da rabi ta wuce fa. Baba yana hanya."

"Ubanka bai taɓa zuwa kafin lokaci ba, ko ranar haihuwarsa sai da ya ƙara mako biyu. A ofis ba a korar mutum huɗu saboda laifin ɗaya. Mayar."

Ya soka na farko, ya kunna, ta tashi. Ya soka na biyu, ta tashi. Ya soka na uku, allo ya yi baƙi, layin nan ya dawo wurinsa.

"Ga ɓarawon," in ji Hajiya. "Karanto takardarsa."

Injiniya ya leƙa, ya karanta a hankali: "An manta ranar Laraba. Mai shi ƙaton kai, tumbi a gaba. Ya cinye mini biskit."

Ya sake karantawa, wannan karon a zuci.

"Wannan ai nawa ne! Na aikina! Wata huɗu ina nemansa. Har na ce wa matata ita ta share shi ta zubar, kwana biyu ba ta yi mini magana ba."

"Allah sarki, baiwar Allah."

"Kin san nawa ne kika yi shiru?"

"Doka ita ce mai kaya ya zo ya faɗi kamannin kayansa. Ba ka zo ba. Ni dai abin da na gani shi ne, kayan Injiniya ne ya nemi kashe mini kwamfuta. Na sake ka, saki ɗaya. Sauran biyun ina ajiye da su."

Injiniya ya mayar da kai ƙarƙashin tebur, ya bi layin kiyashin da ido, ya zura hannu can tsakanin akwati da bango, ya jawo wata baƙar leda. Ya buɗe.

"Alewa," ya ce. "Likita ya hana. Baba ya hana."

"Ta baƙi ce."

"Baƙin ne suke tsotse rabi su mayar cikin takarda?"

"Wasu baƙin ba su da tarbiyya."

"To shi ke nan. In Baba ya zo sai in nuna masa abin da ya gayyato kiyashi."

"Ni kuma in buga wa matarka takarda mai kwafi biyu, in faɗa mata inda filash ya kwana wata huɗu."

Suna cikin kallon juna, ita a kan kujera, shi a ƙasa da leda a hannu, sai suka ji hon ɗin mota a ƙofar gida. Sha ɗaya saura kwata. Yau ce ranar da uban Injiniya ya zaɓa ya karya tarihinsa.

Allon kuwa baƙi ƙirin, filash na uku yana soke.

Hajiya ba ta roƙe shi ba. Ba ta taɓa roƙonsa ba, ba yau za ta fara ba. Yatsun dai suka koma aiki a kan gwiwa. Injiniya ya dubi yatsun. Ya fizge filash ɗin, ya danne maɓalli har ta mutu, ya sake kunnawa.

Aka ji an rufe ƙofar mota. Fanka tana ƙugi. Aka ji muryar uban yana gaisawa da maƙwabci, Allah Ya sa maƙwabcin mai doguwar gaisuwa ne, sai da ya tambayi kowa da kowa. Allo baƙi. Aka ji takun takalmi. Hajiya ta miƙa hannu ta warce ledar alewa, ta cusa ta cikin aljihun rigar Injiniya, ta daddanna.

"Salamu alaikum."

Uban ya shigo, ya rusuna ya gai da mahaifiyarsa, sannan kamar kullum ya juya wajen tebur. Daidai lokacin allon ya kawo haske, takardu suka jeru.

"Har yanzu tana nan dai?"

"Tana nan, Baba," in ji Injiniya daga ƙasa. "Wannan sai ta buga wa jikokina takardar neman aiki."

"Kai kuma me kake yi a ƙasa?"

"Kayansa ya manta, ya zo ɗauka," in ji Hajiya. "Na haɗa masa da 'yar tsaraba."

Uban ya ga bakin leda yana leƙe daga aljihu, ya ja ya duba.

"Alewa? Da wannan tumbin? Kuma ka rasa inda za ka shigo da ita sai ɗakin mai ciwon suga?"

"Kullum ina yi masa faɗa," in ji Hajiya. "Ba ya ji."

Uban ya girgiza kai, ya wuce cikin gida wanke hannu. Injiniya ya miƙe yana sosa ƙirji, don kiyashin sun bi tsarabarsu har cikin riga. Ya daure, ya daure, dariya ta ƙwace masa.

"Kin ci, Amarya. Gobe zan zo in saita ta, ta riƙa duba cikinta kafin ta kula baƙo. Zan kawo miki murafan gaske, na roba, guda huɗu."

Hajiya ta jawo madannan kwamfutar gabanta, ta jera yatsu goma a kansu.

"Na mayar da kai," ta ce. "In za ka zo, ka dawo mini da ledata. Na san adadinsu."