Ranar da Na Shiga Situdiyo Ba 'Yan Amshi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je ɗaukar waƙata ta farko ba. Shekara goma sha ɗaya ina waƙa a bukukuwan Zuru da Dabai, Bawa na buga min ganga, Rifkatu da Ladi na amshi. Ban yi makaranta ba, a ka nake riƙe waƙa (haka dai na zata).

Wani furodusa ya zo daga Birnin Kebbi. Kwana ɗaya zai yi, wanda waƙarsa ta yi kyau zai kai ta gidan rediyo. Na ce wa mutanena su huta, yanzu kwamfuta ke kiɗa. Gaskiya sunana kaɗai nake so a ji.

Bawa ya ce, "To, Oga. Allah ya ba da sa'a."

Duk da haka suka biyo ni, suka zauna a benci bakin situdiyon suna cin gyaɗa.

Aka maƙala min abin ji a kunne, aka saki kiɗa. Na ja baitin farko lafiya lau, sai na yi shiru.

Furodusa ya ce, "Malam, ci gaba."

Na ce nan wurin amshi ne.

"To, yi da kanka, mu ɗora."

Na buɗe baki. Babu. Duk shekarun nan ana yi min amshin a bayan kunne, ban taɓa saurara ba, lokacin nake numfashi. Na ce mu tsallaka baiti na biyu. Shi ma babu. Ashe Rifkatu ce ke jefo min kalmar farko a ƙarshen amshinta, ni kuma in cafe ina taƙama.

Sau huɗu muna sakewa. Furodusa ya duba agogo, ya ce akwai wasu a layi.

Na fito jiƙe da gumi. (Tagar a buɗe take, sun ji komai.)

Ladi ta ce, "Yaya, har an gama? Kwamfutar ta iya amshi kuwa?"

Na ce, "Ku tashi."

"Mu je ina?"

Na ce, "Don Allah."

Bawa ya kaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. "Sake faɗa, Oga. Ban taɓa jin wannan waƙar a bakinka ba."

Na sake.

Muka shiga tare. Sau ɗaya muka rera ta, furodusa ya ɗaga mana babban yatsa. Ta shiga rediyo.

Tun daga ranar, ko gaisuwa zan yi a makirfo, sai na waiga na tabbatar Rifkatu na bayana.