Ƙasar Gonar Malam Ilu

A shekarun da damina ta yi ta mana rowa, geron maƙwabcina Malam Ilu ne kaɗai ke fitar da kai. Iyaka ɗaya muke, amma nawa kamar tsintsiya. Ina yi masa barka, amma a baki kawai.

A kasuwar Tsanyawa wani mai magani ya rantse min cewa albarka a ƙasa take. Wai in ka ɗebi ƙasar gonar mai sa'a ka watsa a taka, ka kwashe ta ke nan.

Ranar da gari ya tafi ɗaurin aure, na zaɓi kusurwar da ta fi baƙi a gonar Malam Ilu, na yi ta jida da kwando. Har sabon rumbu na gina.

Ashe nan yake jibge wuta-wutar da ya tuge. Da damina ta zagayo, gonata ta rufe da jan fure, gero ya ƙone.

Malam Ilu ya leƙo ya ce, "Maƙwabci, da ka yi magana ai da na ara maka jaki. Akwai saura."

Rumbun nan kaji ke kwana a ciki. Har yau in na gifta majalisa sai wani ya ɗaga murya: "Mai fure, bana dami nawa?"