Baban Shura da Akwatin Zaɓe

Duk mai cewa Musulunci da dimokuraɗiyya ba sa jituwa, bai taɓa yin sallah a masallacin unguwarmu ba. Da ya zo ya ga Baban Shura, shugaban kwamitin masallacin, da ya janye maganarsa har ya ba da haƙuri. Kayan gini yake sayarwa, amma Allah ya yi masa baiwar da malaman jami'a ba su samu ba. Bai taɓa yanke hukunci shi kaɗai ba, kuma ba a taɓa kayar da shi a ƙuri'a ba.

"Jiya-jiyan nan Turawa suka farga da abin nan," in ji shi, yana gyara zaman hularsa. "Mu kuwa tun ana hawan raƙumi muke shawara. Ni ko ƙwan fitila ba na canzawa a masallacin nan sai da yardar jama'a."

Gaskiya ya faɗa. Ga yadda ake samun yardar. Liman na sallamewa, sai Baban Shura ya miƙe ya ce a ɗaga hannu a yi addu'a. Mu ɗaga. Ya ce, "Allah ka sa ƙofar ƙarfen da za mu kafa ta zama alheri." Mu ce amin. Sai ya juya wurin sakatare ya ce, "Rubuta. An ɗaga hannu, an amsa da baki, babu mai adawa." To wane ne zai sauke hannu ana tsakiyar addu'a?

Da haka muka samu ƙofar ƙarfe mai kyan gaske, da agogon bango mai fitilu, da kujerar shugaba mai juyawa. Famfunan alwala kuwa sun daɗe da bushewa, tsofaffi daga gida suke ɗauko butocinsu. Da wa'adin kwamiti ya cika, aka roƙi Allah ya ƙara masa tsawon kwana, muka ce amin. Ya sake cika, muka sake cewa.

Kada a ɗauka babu 'yan adawa. Akwai mu, kuma jarumai ne mu, a shagon Tela. Ni ne jagora, tunda ni nake koya wa yara darasin zaman ƙasa a makaranta. Can nake baje ilimina, in kawo yadda talaka kan tsayar da halifa a bainar jama'a ya tuhume shi, Direba da Mai Kemis suna jinjina kai. Ana kiran sallah sai mu tafi mu ce amin. Tawa ma ta fi ƙara, don a sahun gaba nake tsayawa.

Sau ɗaya Direba ya gwada ƙin ɗaga hannu. Baban Shura ya hango shi, ya ce cikin tausayi, "Bawan Allah nan bai iya ɗaga hannu ba. Mu sa shi a addu'a." Aka yi ta tururuwa zuwa gidansa dubiya, har matarsa ta fara zargin yana ɓoye mata wani ciwo.

Liman ne ya cece mu, tsoho marar yawan magana, wanda shi ma ɗaukar buta ta ishe shi. Ya ce a zaɓen shugaba na wannan karon takarda za a jefa a akwati, kowa a ɓoye. Baban Shura ya fara cewa mumini ba ya ɓoye abin da ke zuciyarsa. Da ya ga Liman bai motsa ba, sai ya sake waƙa, har ya ba da kyautar kwalin tayil daga shagonsa a yi akwati da shi.

"Ai asalin abin namu ne," in ji shi. "Na yarda ɗari bisa ɗari. Bayan zaɓe dai zan bi gida-gida in gode wa waɗanda suka zaɓe ni. Na san a unguwar nan babu mai rantse mini a kan ƙarya."

Muka tsayar da Tela, wanda alkawarinsa ɗaya ne, ruwa a famfo. Muka zagaya, muka ji bakin mutane, muka tabbatar ko rabin sahu Baban Shura ba zai samu ba. Na yi murna har na fara tsara jawabin da zan yi wa ɗalibaina.

Ranar zaɓe, da na shiga bayan labule da biro a hannu, sai hikima ta sauko mini. Mutumin nan faɗuwa zai yi ko da ni ko ba ni. Sau biyar a rana muke haɗa kafaɗa, kuma shi ya riƙe makarar mahaifina har maƙabarta. Gobe zai tsaya a ƙofar gidana ya dube ni. Ƙuri'a ɗaya tak ba za ta hana ruwa zuwa ba, sadaka ce kawai, kuma ta ba ni damar rantsuwa da gaskiya. Na rubuta sunansa, na fito ina mamakin irin basirar da Allah ya ba ni ni kaɗai.

Liman ya zazzage kwalin a gaban kowa, ya fara karantawa. Baban Shura. Baban Shura. Na ce a raina, to ga tawa ta fito, ga kuma tasa. Liman ya ci gaba da kiran sunan nan kamar mai jan carbi. Direba ya duƙufa nazarin zanen darduma. Mai Kemis ya tuna yana da tari. Ni kuwa kunya ta rufe ni, ban taɓa jin irinta ba. A takarda ta ƙarshe ne Liman ya gyara tabarau ya ce, "Tela."

Muka ɗago kai gaba ɗaya muka dubi ɗan takararmu, muna jin daɗin ko ba komai shi ya tsaya wa kansa. Tela ya sunkuyar da kai yana cire zare daga hannun rigarsa.

Baban Shura ya miƙe, idonsa ya kawo ruwa. "Jama'a, waccan tawa ce," ya ce. "Na ga bai dace ɗan'uwa Musulmi ya tashi babu ko ɗaya ba."

A duk faɗin unguwar, shi kaɗai ne ya yi ƙarfin halin ƙin zaɓen Baban Shura.