Ta Biyar a Bayan Shayi

"Lafiya lau, sai dai na tarar kun bar fitila a kunne da rana tsaka," in ji tela, tana leƙa fuskar ɗan kawunta mai burodi.

Bawan Allah yana zaune a ƙofar ɗaki, fanka na hura masa kumatu. Wata biyu ke nan hanci da kumatun nan sun yi jajir, ga raɗaɗi, ga ƙananan ƙuraje. Likita ya kira abin rozeshiya, ya ce ba ya warkewa ɗungurungum, lallaɓa shi ake yi. Abin da ke cin ransa kuwa, yau kwana tara da haihuwar 'yarsa ta fari bai ɗauke ta ba, wai kar ya shafa mata. Daga bakin ƙofa yake ɗaga mata hannu kamar maƙwabci.

"Ina man shafawar da na aike ki ki sayo?"

"Ga shi. Da na kwatanta wa mai kemis faɗin fuskarka, cewa ya yi in koma in zo da bokiti."

"Ke da madubin shagonki ya nemi canjin aiki?"

"Mai kemis ya ce ka sa hula mai faɗi, ka bar sabulu mai ƙamshi, ka daina satar man matarka."

"Sharri dai a jininki yake."

Sai idonta ya faɗa kan wani ɗan littafi a gefensa. Kafin ya kai hannu ta wafce.

"Likita ne ya ce in riƙa rubuta duk abin da ke tayar da ciwon. Ba ni abina."

"Zafin tanda. Rana. Barkono. Shayi mai zafi. 'Yar gwaggo." Ta dafe ƙirji. "Ni ce ta biyar? Shekara talatin ina ƙona maka rai, ruwan zafi ya sha gabana?"

"Shayi sau uku nake sha a rana. Ke sau ɗaya a mako Allah ke jarrabata da ke."

"To zan kwaso keken ɗinkina in tare a nan, sai na zo ta ɗaya."

Ta shige ɗaki, ta fito rungume da jaririyar. Mai burodi ya zabura ya ja da baya har ya ture fanka.

"Ke, ban da wannan. Wallahi tsoro nake ji."

"Sau uku na tambayi mai kemis har ya gaji da ni. Ba a ɗauka, ba a shafa wa kowa."

"Likita ma haka ya ce, amma..."

"Amma ka fi shi karatu, da yake a bakin tanda ka yi digiri. Ni hannuna ya gaji, sakinta zan yi. Ɗaya. Biyu."

Bai san lokacin da ya miƙa hannu ba. Ashe ko nauyin ƙullun burodi biyu ba ta kai ba. Idonsa ya ciko.

"Abu ɗaya za ta ɗauka a wurinka," in ji tela, "kuma an makara. Dubi hancin."

Ya duba. Nasa ne sak, har faɗin. Dariya ta ƙwace masa, hawaye na gangarowa ta kan ƙurajen.

"Kin ci. Biya ta shago ki ɗauki burodi ɗaya."

"Ai na ɗauki uku tun a hanya."

Bai ma ji ta ba. Ya riga ya kwantar da kuncinsa a kan goshin yarinyar.