Ranar da na goge wa ordinata toka

Shekarar da soja suka karɓi mulki, damina ta ƙi, maigidana ya sayo sabuwar ordinata, wato kwamfuta, a shagonsa na buga katin biki a unguwar Maourey. Tsohon logisiyel ɗin, wato manhajar buga kati, da ya saba da shi bai jitu da ita ba, kullum sai ya tsaya ya rubuto cewa memuwa, ƙwaƙwalwar na'urar, ta kasa. Na sha ganin maigida ya zaro wani ɗan falle da yake kira baret, ya goge bakinsa da gom ɗin goge fensir, ya mayar, aiki ya tashi.

Wata safiya ya tafi layin hatsi mai rahusa, ya bar ni a shago, sai ga Hajiya Fati, maƙwabciyarmu, tana son katin sunan jikarta gobe. Ordinata ta tsaya.

Na ce, “Kwantar da hankalinki, Hajiya, ai datti ne.”

Ni da na shekara ashirin ina fidda tukunya fes, gom zai koya mini goge abu? Na ɗebo toka da ruwa, na dirje baret har tana walƙiya. Hajiya ma ta yaba. Na mayar, na kunna. Sai kuka kawai, tit, tit, allo baƙi ƙirin.

Maigida ya dawo, ya shinshina baret ɗin, ya ce, “Maman Rabi, da sabulu ko babu?”

Katunan dai da hannuna na rubuta su, da rubutuna na yaƙi da jahilci.

Har yau in wayar wani ta tsaya a gidanmu, sai Rabi ta ce, “Ku ɓoye, ga Inna nan da toka.”