Ranar Da Na Karanta Yabon Kaina A Gindin Mangwaro

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta ranar Talata ba, ko da na so in manta (kuma na gwada). Ita ce ranar da na tsaya gaban manoma wajen arba'in a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, na karanta musu yabon da na rubuta wa kaina da hannuna, ina so su sa hannu a kan cewa daga bakinsu ya fito.

Ni malamin jami'a ne, fannina ban ruwan gona. A lokacin shekarata biyar ina koyarwa a wata ƙasar Turai da takardar zama ta wucin gadi. Duk wanda ya zauna a ƙasar mutane da irin wannan takarda ya san yadda take hana mutum sakat. Matata ko kujeru masu kyau ta ƙi saya, don ba mu san ko baɗi muna nan ba. Saura wata huɗu takardar ta ƙare, 'ya'yanmu biyu kuma suna tsakiyar karatu. Sai ga ƙofa ta buɗe: ƙasar tana ba ƙwararrun baƙi, irin su malaman jami'a da likitoci da injiniyoyi, izinin zama na dindindin, muddin mutum ya nuna aikinsa ya amfani jama'a, ba a takarda kawai ya tsaya ba. Shaidar karatu ina da ita har ta yi yawa. Abin da ya rage min wasiƙa ɗaya ce daga mutanen da suka ci moriyar bincikena.

Wani abokin aikina da ya riga ni samu ya ja ni gefe ya ce, "Ka ajiye kunyar nan taku a gida. A nan in ba ka ce kai ka yi ba, ɗauka za su yi ba ka yi komai ba." Na karɓi shawarar nan na zarce da ita inda shi ma bai nufa ba. Na zauna na tsara wasiƙar da kaina, shafi biyu cur, da Turanci mai maiƙo, da sunan ƙungiyar manoman rani ta ƙauyenmu. A lissafina zan zo hutu, shugaban ƙungiya ya dangwala yatsa, sakatare ya buga hatimi, in juya.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi gaskiyar binciken nan, tunda wasiƙar ba ta faɗa ba. Gonarmu tana can ƙarshen kanal, inda ruwa ke isowa a gajiye bayan na gaba sun sha sun ƙoshi. Mahaifina Malam Haladu, Allah Ya jiƙansa, ya gaji da rigimar ruwa, sai ya ɓullo da dabara. Ya yanki guntun gora, irin wadda ake tsani da ita, ya huda jikinta da ƙusa mai zafi, huji uku daga sama zuwa ƙasa, ya kafa ta a kusurwar kwamin shinkafa, wato fangalin da ake tare ruwa a ciki. Ko saman ƙasa ya bushe, sai ya leƙa cikin gorar. In ruwa bai sauka ƙasa da huji na uku ba, ya san saiwa tana sha, ba zai ɓata ruwansa ba. Maƙwabta suka yi masa dariya shekara guda, a ta biyu kowa ya shiga yankan gora. Ni kuma da na girma na maye gorar da bututun roba, na yi rani uku ina aune-aune a gonakin mutane, na jera lambobi, aka ba ni digirin dakta.

Shugaban ƙungiyar shi ne Baba Inuwa, aminin mahaifina, wanda gonarsa ke jikin tamu. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na same shi a zaurensa. Muka gaisa, ya tambayi iyali da sanyin ƙasar, na miƙa masa takardar da bayanin abin da nake so.

"Madalla," ya ce. Ya ninke ta ya zura a aljihu. "Talata bayan la'asar sai ka zo gindin mangwaro."

"Baba, ai sa hannu ne kawai."

"Dakta, ka daɗe ba ka gari. Mu nan ba ma sa hannu a takarda sai an karanta ta a gaban kowa, da Hausa, kalma bayan kalma. Kuma wanda ya kawo ta, shi ke karantawa."

Ashe bayan tafiyata wasu mutane sun taɓa zuwa da takarda, suka ce rajistar taki ce. Manoma suka dangwala, daga baya ta bayyana sun sallama kwana guda na ruwansu ga wata babbar gona da ke sama da su. Tumatirin mutane da yawa ya ƙone a ranin nan. Tun daga lokacin suka kafa wannan doka, kuma ba a ɗaga ta don kowa.

Mai hankali da ya ji haka, da ya ce a ba shi takardarsa ya gyara. Ni kuwa sai na ce a raina, ai ni zan fassara, duk inda ya yi kaifi sai in dasashe shi. (Ka ji mai digiri uku.) Na manta sarai cewa sakataren ƙungiyar shi ne Malam Sabi'u, tsohon hedimasta, wanda ya koya mini Turancin ma tun ina aji huɗu.

Talata ta zo. Na sha farar shadda, na tafi da kwafina a jaka. An shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaron da ke bakin kanal, mutane sun fito daga gona ƙafafunsu duk taɓo, wasu da lauje a gefe. Yawancinsu sa'o'in mahaifina ne. Malam Sabi'u ya gyara tabarau, ya ɗora takardar da na ba Baba Inuwa a gwiwarsa, ya aza yatsa a layin farko. A nan na fara shan jinin jikina.

Gaisuwa da gabatarwa suka wuce lafiya. Da na zo sakin layi na biyu sai na ce, "Kafin wannan aiki, manoma suna ɗan fuskantar matsala wajen ban ruwa."

Malam Sabi'u ya yi gyaran murya. "Dakta, layin nan ya fi haka tsawo a wurina."

"Ma'anar ke nan a taƙaice, Malam."

"Ba taƙaitawa muke yi a nan ba. Ko in taimaka maka?"

"A'a," in ji Baba Inuwa. "Mai takarda ke karantawa."

Na karanta abin da na rubuta: "Kafin zuwan Dakta, manoman wannan yanki, waɗanda yawancinsu ba su da ilimi, suna ɓarnar ruwa saboda rashin sani."

A cikin marasa ilimin nan nawa akwai alarammomi uku da suka rubuta Alƙur'ani da ka. Ɗayansu yana zaune dab da ƙafata yana jan carbi, ko ɗago kai bai yi ba. Da wani ya zage ni da na ji sauƙi. Yatsan Malam Sabi'u kawai ya matsa zuwa layi na gaba ya tsaya yana jirana.

Haka na ci gaba. "Dakta ne ya ƙirƙiro dabarar kafa bututu a kwami don gane ƙishirwar shinkafa, shi kaɗai, ya kuma koya mana ita cikin haƙuri." Sai layin ƙarshe, wanda a ofishina na can ya yi mini daɗi har na sake karanta shi sau biyu: "A yau muna kallonsa tamkar uba." Ni, mai shekara talatin da takwas, ga dattawan da suka halarci raɗin sunana. Can baya wani ya ce, "Ikon Allah," a hankali.

Baba Inuwa ya jawo wani tsohon buhu daga bayansa, ya zaro guntun gora da ya yi baƙi, gefensa ya soma rududdugewa. Ya ɗaga shi.

"Ka san wannan?"

"Na sani, Baba."

"Wa ya huda ta?"

"Babana."

"Ranar da aka kai shi makwancinsa na je na ciro ta daga kwaminsa, kada a nome ta. To na kasa kunne da kyau, shafi biyu ban ji sunansa ba." Ya ajiye gorar a kan tabarma tsakanina da shi. "Malam Sabi'u ya karanta min takardar nan tun ranar da ka kawo ta. Kwana huɗu ina zaune a zaure ina duban ƙofa, na ce ɗan Haladu zai zo ya karɓi abarsa. Mu ka kira mu duk abin da ka ga dama, muna raye, muna da bakin ramawa. Shi fa?"

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Kunya na ji, irin wadda ban taɓa ji ba, amma abin da ya fi ta zafi shi ne ban cire sunan mahaifina da mugun nufi ba. Kawai ya tsaya mini a hanya ne, na kawar da shi kamar yadda ake kawar da kara a bakin kwami, ban ko ji komai ba. Na ce, "Ku yafe mini." Farar shaddar ta sha taɓo. Na tattara jakata na miƙe, na riga na sallama wasiƙa, na sallama izinin zama, ina tunanin yadda zan gaya wa matata ta fara ɗaure kaya.

"Ina za ka?" in ji Baba Inuwa. "Zauna. Malam Sabi'u, juya bayan takardar nan, ɗauko biro."

Sai ya fara faɗa, Malam Sabi'u yana rubutawa. Sun soma da sunan Malam Haladu da gorarsa. Sannan mutane suka shiga sa baki. Wani ya ce a rubuta cewa na yi rani uku a cikin rana ina auna musu ruwa, har fatar wuyana ta saɓule. Wani ya ce bututun roba ba ya ruɓewa kamar gora, a sa wannan ma. Sai alaramman nan mai carbi ya ɗago kai a karo na farko.

"A rubuta cewa shi ya hana mu barin kwami ya bushe lokacin da shinkafa ke fure. Da muna bari, sai rabin zangarniya ta fito ba ƙwaya, muna ta zargin iri."

Baba Inuwa ya dube ni. "Wannan kam babanka bai sani ba, har ya koma ga Allah. Wannan naka ne. Me ya hana ka rubuta shi?"

Na bar shi ne don na ga ya yi ƙanƙanta. Abu ɗaya tak da yake nawa na gaskiya, shi na raina, na je na ɗauko na mamaci.

Wasiƙar ta tsaya a layi goma sha ɗaya. Malam Sabi'u ya mayar da ita Turanci irin na hedimasta, ba ado ba maiƙo, aka sake karanta ta da Hausa bisa doka, kowa ya amince. Layinta na ƙarshe Baba Inuwa ne ya dage a sa shi: "Mu dai mun fi so ya dawo gida. Amma in kun riƙe shi, kun riƙe ɗan mutumin kirki." Da za a tashi na roƙe shi ya ba ni gorar. Ya mayar da ita buhu ya ɗaure bakin.

"Wannan ba ta da takardar fita, ɗan Haladu. In kana son ganinta, ka san hanyar zaure."

Izinin ya fito bayan wata uku da 'yan kwanaki. Har yau ban sani ba ko wasiƙar ce ta yi aiki, ko kuwa wani ma'aikaci ne ya duba hatimi kawai ya jefa ta cikin fayil. Matata ta sayi kujerunta, yara suna makarantarsu. Ni kuma na samu wata sabuwar ɗabi'a da abokan aikina ba su gane kanta ba. Duk abin da na rubuta game da kaina, kafin in aika, sai in rufe ƙofar ofis in miƙe tsaye in karanta shi da ƙarfi da Hausa, kamar yatsan Malam Sabi'u yana bin layin. Yawanci shafi biyu kan dawo layi biyar, kuma sunan da ke layin farko ba nawa ba ne.