Ranar da Na Kai Dattawa Tsakiyar Ruwa Neman Shafi

Ba na jin zan manta da ranar nan, kuma tun kafin wani ya ba ku labari gara in faɗa da bakina: wawan da ke ciki ni ne.

Ni ne sakataren ƙungiyar masu jiragen ruwa a gangarmu ta Wara. Kujerar nan ba don kyawuna aka ba ni ba, sai don bokon da ake zaton na sha (aji huɗu na firamare, amma wa ya tambaya?). Ɗiyata Hauwa'u, wadda ta karanci kwamfuta, ta yi mana shafin rubuta sunayen fasinja kafin jirgi ya tashi. Ta ce shafin yana zaune cikin wata kwamfutar haya a wata ƙasa mai nisa. Abin ya ɗaure mini kai. Na yi ta tambaya, wa ke share mata ƙura, wa ke kunna ta da safe? Ta amsa duka, har da cewa ita kaɗai ke shiga yanzu da makullinta, ba ta buɗe wa mutanen waje ƙofa ba tukuna. Wannan na ƙarshen ne kawai ban saurara ba, ina can ina kwafar adireshin shafin.

Ranar taron ƙungiya, Hauwa'u ta tafi Yelwa. Na miƙe na rarraba adireshin, har da gyaran murya. Kowa ya danna, waya ta yi ta juyi, shiru. Sarkin Ruwa ya dube ni. Na ga kujerata tana rawa.

To, mu nan mun saba, in waya ta ƙi kamawa wuri ake sakewa. Na yi lissafin masu ilimi: abu mai nisa sai fili. Na zuba dattawa shida cikin jirgi, muka shiga tsakiyar ruwa, kowa ya ɗaga wayarsa sama kamar masu roƙon ruwa. Shiru.

Na juya baya na kira Hauwa'u ƙasa-ƙasa. Ta ce ba nisa ba ne, katangar kwamfutar ce ke korar baƙi, kuma shafin kansa an saita shi ya amsa wa 'yan cikin gida kaɗai. Na tambaye ta ƙofar ta katako ce ko ta ƙarfe. Ta ce, “Baba, lamba ce. Ba ni minti biyar in buɗe ta.”

Sai ga shafi ya buɗe a wayar kowa. Maimakon in yi shiru, na gyara hula na ce ai dama na faɗa, sai an shigo tsakiya yake kamawa. Dattawa suka jinjina kai.

Muna isowa ganga, Inna Tumba mai bandar kifi ta ɗago wayarta, ga shafi ɓaro-ɓaro.

“Sakatare, ni da ke gindin murhu ya buɗe mini tun ɗazu. Ku me kuka je lalube, ko adireshin ne ya faɗa ruwa?”